Tamostat Biyu a Kan Tsumma

Da asuba na fito zan ɗebi ruwa a famfo, na tarar da Sannu-Sannu tsugune gaban risho a ƙofar ɗakinsa, tukunyar shayinsa tana tafasa. Ba shayi ne a ciki ba. Wani ƙarfe ne kamar murfin gwangwani mai sifirin a gindi, ya ɗaure shi da waya yana lilo cikin ruwan.

"Magini, zo ka duba min. Ya buɗe baki?"

"Karin kumallon ke nan, Baba?"

"Tamostat ne. Shi ke tare ruwa har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe ya sake shi zuwa lagireto. Duba min, tururi ya rufe min tabarau."

Na duba. A rufe yake gam.

"To ya mutu," ya ce, ya kashe risho.

Shekara shida muna tsakar gida ɗaya da shi. Ni ba mai surutu ba ne, shi ma haka, shi ya sa muka shirya. Abin da na sani game da shi kaɗan ne. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, kuma 'yan uwansa direbobi ne suka sa masa sunan, don ko jiniya na kuka ba ya jefa mara lafiya a rami. Matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗaki biyu gare shi, ɗaya a kulle tun lokacin. Abin da ya rage masa shi ne wata tsohuwar farar mota da yake gogewa kullum. Da ita yake zuwa kasuwa, da ita yake zuwa ƙofar tsohon wurin aikinsa, inda yanzu masu gadi ke tambayarsa wa yake nema.

Sau biyu a wata guda motar ta tafasa ta ajiye shi a titi. A na biyun 'yarsa ce ta same shi, ya yi awa uku a tsaye cikin rana. A gabana ta faɗa masa.

"Baba, in ta sake ajiye ka, ka tattara ka dawo gidana, makulli kuma a hannuna. Ran Asabar zan zo in gani."

"Na ji, Uwata."

Bakanike ya ce masa a cire tamostat ɗin a yar, kowa haka yake yi. Ya ce wanda ya ƙera motar ba don ado ya sa shi ba. Ya sayo sabo ya ce da hannunsa zai sa.

Ranar da ya dafa tamostat ɗin, siminti bai iso wurin aikinmu ba, sai na zauna a kan bulo ina kallo. Ruwan lagireto na nan a robar da ya tara shi. Noti biyu da tiyon sama ya riga ya kwance tun jiya da ya ciro tsohon. Ya kankare ragowar gasket, takardar da ke hana yoyo, da dakusasshiyar wuƙa, yana bin wurin da yatsa har ya ji sumul. Sannan ya ɗauki tsohon tamostat ya hau goge shi da garin sabulu da tsohon buroshin haƙori, har ya yi ƙyalli.

"Baba, ƙarfe ma sai an yi wa gawarsa wanka?"

"A wurinmu mai sito ba ya ba ka sabo sai ka mayar masa da tsoho a wanke. Hannu ya saba."

Ya ajiye su biyun a kan tsumma. Na tashi na je na sayo mana burodi. Kafin in dawo ya ɗaure noti, ya cika ruwa, yana goge hannu.

"Shiga mu zaga."

Yana tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai. Mun wuce gidan mai, mun wuce makaranta. Wajen gada na ga allurar zafi tana hawa. Na ɗauka yana gani. Sai da ta taɓa ja na yi magana.

"Baba, allura fa."

"Na gani."

Bai gani ba. Sai da ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa sitiyari sannan ya sauka gefen titi. Muka zauna kusan awa ɗaya inji yana hucewa. Muka lallaɓo gida, ana tafiya ana tsayawa.

Tsumman yana nan inda ya bar shi. Na ɗauki tamostat ɗin da ke kai na juya shi. Ko tabon ruwa babu a jikinsa, ga lambobi raɗau.

"Baba, wannan ai sabon ne."

Ya karɓa. Ya kai shi dab da idonsa, ya matsar, ya sake kawowa. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga ya mayar. Babu tururi a wurin.

"Idon, tun yaushe?" na ce.

"Miƙo min sifana."

Ya sake zubar da ruwan, ya sake kwancewa. Wannan karon ni ya miƙa wa tsohon tamostat ɗin, ya ce in sa a aljihuna in riƙe. Ya sa sabon, sifirin yana kallon inji, ya ɗaure notin kaɗan-kaɗan, wannan sannan wancan. Muka zaga har bayan gada muka dawo, allura tana tsakiya ba ta motsa ba. Ni nake faɗa masa.

Na ce, "Shi ke nan, ka ci. Ba wanda zai ji daga bakina."

"Ka ga yaran makarantar nan da muka wuce?"

"Na gan su."

"Ni hayaniyarsu na ji."

Kwana biyun da suka biyo baya bai tayar da motar ba. Na ji shi yana jan akwati, na ji ya buɗe ɗakin da ke kulle ya daɗe a ciki. Ban leƙa ba.

Ran Asabar 'yar ta zo a tasi. Ta ga akwatuna biyu da risho a ƙofa, ta dubi motar.

"Ta sake lalacewa ke nan?"

"Lafiyarta ƙalau. Tambayi Magini."

Na ce ƙalau take. Ta dube ni, ta dube shi. Ya sa mata makulli a tafin hannu.

"Ki bar ta ta ɗumama kafin ki ja. Kada ki bari wani ya ce zai cire miki wani abu ya yar."

Na loda akwatunan a baya. Ta zauna a mazaunin direba, ƙafarta ba ta kai ba. Ya ce ta fito. Ya durƙusa ya laluba ƙarƙashin kujerar, ƙarfen ya ƙi motsi don ya yi shekaru a wuri ɗaya. Ya buge shi da tafin hannu sau biyu, kujerar ta zame gaba. Ya miƙe da ƙyar, ya dafa bonet ya zaga ɗaya gefen, yana laluben marfin ƙofa.