Gurbin haƙori a bayan kunne

A shekarar da na gama jami'a aka tura ni koyarwa Kafanchan. Na kama ɗaki a gidan wata tsohuwa 'yar Kwoi, wadda mijinta ya yi aikin reluwe har ya rasu. Mama nake ce mata, ita kuma Ticha take ce mini. Abin da mijin ya bar mata, iya sanina, gidan ne da wani jan kare mai yankakkiyar wutsiya.

Idanunta sun yi rauni, don haka cire wa karen kaska ya dawo hannuna. Kowace Asabar da hantsi nakan zauna gindin mangwaro da gwangwanin madara mai ɗan kananzir a ciki. In fara daga kunnuwa, in gangaro wuya, in bi tsakanin yatsun ƙafa. Wadda na ciro in jefa a gwangwani. Daga nan wanka da sabulun salo, sai in shafa masa manja a gefen kunne saboda ƙudaje. Ba na jin na taɓa tsallake mako.

Mama tana da gyambo a ƙwauri, inda fartanya ta sare ta a gonar citta. Kullum da yamma takan kwance tsumman, ta miƙe ƙafa, karen ya zo ya lashe. Sau ɗaya na ce mata mai yiwuwa hakan ba shi da kyau.

Ta ce, "A ƙauye namu, harshen kare ne asibiti. Ticha, digiri naka na lissafi ne ko na ƙafa?"

Na yi dariya, na bar maganar.

Wata Asabar, ina laluben bayan kunnensa na hagu, yatsana ya taɓa ɓawon ciwo. Na buɗa gashin. Ramuka biyu ne ƙanana, kusa da juna, sun riga sun fara bushewa. Nan take na tuna, kwanakin baya an kashe wani mahaukacin kare a bayan tashar jirgi, bayan ya zaga unguwanni yana cizon duk abin da ya gamu da shi.

Na san abin da ake yi wa karen da irin wannan ya ciza. Maza su fito da kulake, ba a tsayawa bincike. Sai na ce wa kaina wataƙila waya ce ta karce shi. Wataƙila faɗan karnuka ne na yau da kullum. Na shafa manja a wurin, na kwantar da gashi a kai. Na yanke shawarar in sa ido tukuna, kada in tayar da hankalin tsohuwa a kan zato.

Mako biyu, ko sun ɗan fi, ina sa ido. Kowace yamma ina zaune bakin ƙofata da littattafan ɗalibai, jan biro a hannu, ina jin ƙarar harshensa a ƙafarta. Nakan shirya maganar a raina, in buɗe baki, sai in ji na tambaye ta ko za a yi ruwa.

Asabar ta uku bai zo gindin mangwaro ba. Na same shi ƙarƙashin rumbu, yana kai wa iska cafka kamar mai kama ƙuda, alhali babu ƙuda. Na tura masa kwanon ruwa da sanda. Ya sa baki, ruwan ya dawo ta gefe tare da yawu mai kauri. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

Mama tana tsince wake a tsakar gida.

Na ce, "Mama, ina ganin, ban dai tabbatar ba, amma kamar ya kamata mu je asibiti yau."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Karen. Akwai gurbin haƙori a bayan kunnensa."

Ta ajiye faifan. Ta dubi rumbu, ta dubi ƙafarta. Jiya ma ya lasa.

"Yesu," ta ce a hankali. "Kai ne kana duba shi kowane Asabar. Yaushe ka gani?"

"Ba zan iya cewa takamaimai ba."

Zan iya. Har ranar na sani.

Ba ta sake tambaya ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauro kallabin zuwa sujada. Kafin mu fita ta aika aka kira maƙwabta su zo da kulake, ta roƙe su su bari sai mun sha kwana. Ba su bari sosai ba. Mun ji.

Allurai aka yi ta yi mata a kewayen cibiya, kullum ɗaya, har cikin ya kumbura ba ta iya ɗaura zane daidai. Malamar asibitin ta ja ni gefe ta ce ciwon haukan kare ba ya gaggawa, yana iya kwanciya wata da watanni. In ta fara kasa haɗiyar ruwa, in kawo ta, ko da yake a lokacin ba sauran abin yi.

Daga ranar na koma kallon maƙogwaronta. Duk sanda ta ɗaga moɗa, sai biro ya tsaya a hannuna. Damina ta wuce, aka haƙe citta, aka yi Kirsimeti, ina kallo.

Wata yamma ta kama ni. Ta cika moɗar har baki, ta shanye tana dubana, ta kife ta a kan randa.

"Ya wuce, Ticha," ta ce. "Na yau ya wuce. Gobe kuma ka zo ka duba, tun da kai mai dubawa ne."