Atamfar Zaɓen Rifkatu

Sunanta Rifka Abitbol, Bayahudiya daga wani ƙaramin gari a kudancin Faransa, amma a kasuwar Canaan ta birnin Guangzhou, a ƙasar Sin, babu mai kiranta haka. Hajiya Lami, Bakanuwa mai sarin dogayen riguna, ita ta raɗa mata Rifkatu, sunan kuwa ya bi ta.

A gidan abinci suka haɗu. Lami na ta fama da mai abinci ya gaya mata ko akwai alade a miyar, sai ta ji wata Baturiya a bayanta tana yi masa tambayar da Sinanci, har da buga tebur, don ita ma ba ta cin alade. Ranar su biyun farar shinkafa da dafaffen ƙwai suka ci, suka tashi ƙawaye.

Duba ɗinkin kaya kafin a loda su a jirgin ruwa, shi ne aikin da ya kawo Baturiyar garin. Sai dai Rifkatu ba ta iya ganin zalunci ta wuce. A unguwar Sanyuanli, in mai masauki ya ga baƙar fata ya ce "meyo", wato babu ɗaki, Lami sai ta kira ta. Takan zo ta kama ɗakin, ta miƙa wa baƙon makulli a gaban mai gidan, ta ja kujera ta yi ta yi masa wa'azi har ya galabaita. Wani ma roƙon Lami ya yi, ya ce ta kawo baƙi ko goma ne, amma kada ta ƙara zuwa da wannan matar.

Bayan shekara tara tsufa ya kama mahaifiyarta, ta koma gida. Ba a yi wata shida ba ta bugo wa Lami waya, wai za ta tsaya takarar kansila.

Lami ta ce, "Madalla. Wace kala za a yi atamfar?"

"Wace atamfa, Hajiya?"

"Ta zaɓe mana. Haka za ki fita takara ba atamfa?"

Rifkatu ta ce su a can takarda ake rabawa, a yi muhawara. Tausayinta ya kama Lami. Ba ta ƙara shawara da ita ba, ta je masaka ta sa aka buga turmi ɗari biyu da fuskar ƙawarta. Hoto ɗaya take da shi, wanda aka ɗauka ana tsakiyar rigima: baki a buɗe, yatsa a sama.

Da kayan suka isa, babu wadda ta iya ɗaura zani a garin. Rifkatu ta raba wa tsofaffin unguwa don kada su lalace, su kuma suka ɗinka labule da shimfiɗar tebur. Duk tagar da mutum ya duba, ga ta tana nuna shi da yatsa. Abokin takararta ya yi ƙorafi cewa ko shayi ya zauna sha, faɗa take yi masa daga ƙarƙashin kofi. Ta ci zaɓen da ratar ƙuri'a arba'in da ɗaya.

Yanzu shara da fitilun titi ne a hannunta. Kwanakin baya ta gaya wa Lami cewa matasa sun yi mata zanga-zanga a ƙofar ofis kan wata bishiya da za a sare.

"Kika yi yaya?"

"Na fita na gyara musu layi, na nuna musu yadda ake ɗaga kwali. Ba su iya komai ba, Hajiya. Sannan na koma ciki na ce su dawo ran Talata."