Farin Layi a Jikin Baƙar Waya

Motar Baba ta girme ni. A gabanta, inda ya kamata rediyo ya zauna, rami ne kawai, a ciki yake ajiye asuwaki da takardun mota. Kowace safiya yana ɗauko ni daga gidanmu a unguwar Butalbagar ya sauke ni makaranta, sannan ya wuce shagonsa a kasuwa.

A gida ba na magana sosai. Mutane sun yi yawa, kuma da zarar an zuba min ido sai harshena ya yi nauyi. Amma a mota Baba hanya yake kallo, ba ni ba. Sai ya ce, "To Uwata, me ake ciki?" don sunan mahaifiyarsa na ci. Daga nan sai in buɗe baki. Duk abin da Baba ya sani game da ni, a wannan motar ya ji shi, tsakanin ƙarar inji da kwaramniyar ƙofar baya.

Bara aka jera mu a aji bisa tsayi. Ni doguwa ce, sai na faɗa bencin ƙarshe. Daga can rubutun allo ya zame min kamar an watsa gari a kan baƙin zane. Abin da ke kusa ina ganinsa tar, har zaren da ya warware a hijabin ta gabana. Na nesa ne ya narke. Na koma kwafa daga littafin maƙwabciyata, har da kurakuranta. Malamar Faransanci ta ce ni malalaciya ce, kuma in ban gyara ba zan maimaita aji. Na kwana biyu ina jujjuya magana guda a bakina: Baba, ba na ganin allo. Na tsayar da ranar Litinin zan faɗa masa, a mota.

Ranar Lahadi da hantsi ya ce in raka shi unguwar Atron. Ya sayo rediyon mota da sifika huɗu a kwali, zai kai wa abokinsa mai aikin wayar mota, wanda kowa ke kira Usta. Rumfarsa tana ƙarƙashin darbejiya. Da Larabci suke hira, kamar yadda ake yi a garinmu in an fita daga gida.

Usta ya zaga motar ya ce, "Kakanku ya nufi Makka ya tsaya a nan garin. Motar nan ma halinsa ta ɗauko."

"Ya tsaya ne don ya tarar ba wanda zai koya muku alwala," in ji Baba.

"To yau in ɓarawo ya zo, rediyon zai cire, ya bar maka sauran sadaka."

Na zauna kan wata tsohuwar taya ina kallo. Usta ya kwance marfin ƙofofin gaba, ya ɗora sifika a kai ya zagaye ta da alli, ya yanke da wuƙa mai kaifi. Sauran biyun ya huda musu wuri a katakon da ke bayan kujerar baya, inda nake ɗora jakata. Ya zaro wayoyi daga ramin nan na gaba, masu tsufa da ƙura, yana ɓare bakinsu da haƙori yana tofar da robar. Asuwakin Baba da takardunsa aka miƙo min in riƙe.

Wani ɗan sukuru ya suɓuce masa ya faɗa cikin yashi. Su biyu suka duƙa suna lalube. Ni kuwa ga shi nan kusa da takalmina, kansa kawai ya leƙo. Na ɗauka na miƙa.

Da aka kunna, sauti ya fito, amma siriri, kamar daga cikin gwangwani. Usta ya murɗa nan, ya taɓa can, ya zagi masu ƙera kayan. Ni tun yana haɗawa na lura kowace waya biyu ce a manne, duka baƙaƙe, amma ɗaya tana da farin layi siriri kamar gashi. A ƙofar dama ya sa mai layin a sama, a ta hagu ya sa ta a ƙasa. Na ja hannun rigar Baba, na raɗa masa da Hausa. Baba ya faɗa wa Usta. Usta ya kai wayar dab da fuskarsa, ya kwance baƙin salatif ya juya su.

Sautin ya cika motar har madubi yana rawa.

"Wannan yarinyar ido gare ta," in ji Usta. "Ka bar min ita, in sallami tabarauna."

Baba ya yi dariya irin wadda ban taɓa ji ba. A hanyar komawa ya kamo tashar da ake labarai da Hausa, ya ce in saurara, ga Hausar ƙasar kakanninmu, ƙasar da shi kansa bai taɓa takawa ba. Da muka isa gida ya ba kowa labarin farin layin. Ya ba maƙwabta. Ya ba masu zuwa gaishe shi.

Ranar Litinin na shiga mota da maganata a baki. Kafin in rufe ƙofa ya kunna. Bai ce me ake ciki ba. Talata haka, Laraba haka: labarai, sai wa'azi, sai waƙoƙin Sudan yana kaɗa yatsa a sitiyari. Sifikar ƙofa tana daidai gwiwata, ina jin ta tana dukan ƙafata.

Ranar Alhamis, muna tsaye ana ba babura hanya, na miƙa hannu na rage sautin. Ban taɓa taɓa wani abu a motarsa ba sai ya ce. Ya juyo ya kalle ni, kallon da nake gudu.

"Baba, ba na ganin allo."

"Wane allo?"

"Na aji. Daga baya ba na ganin rubutu."

Ya yi murmushi. "Ke? Ke da kika ga abin da Usta bai gani ba da tabarau a hancinsa? Uwata, in karatun ne ya yi wuya ki ce ya yi wuya. Ba a yi wa ido ƙarya."

Na so in ce na kusa daban, na nesa daban. Na bayanmu ya danna oda, Baba ya sa giya, ya mayar da sautin inda yake, har ya ɗan ƙara.

Ban sake tayar da zancen ba. Bana ina maimaita ajin, da yaran da na fi tsayi nesa ba kusa ba, don haka bencin ƙarshe nawa ne tun ranar farko. Rediyon bai taɓa lalacewa ba. Wani lokaci in baƙo ya shiga motar ya yaba sautin, Baba yakan nuna ni da babban yatsa ta kan kafaɗarsa ya ce aikin idon 'yarsa ne.