Sodangi Mai Zarto na Kurfi

Da an sallame sallar asuba, Malam Sodangi yakan zauna a rumfarsa da ke bakin kasuwar Kurfi, ya ɗora zarto a cinya, ya bi haƙoransa da magagari ɗaya bayan ɗaya. In ya gama wasawa sai ya karkata su kaɗan, wannan dama, na gaba hagu. Yakan ce in haƙoran suka tsaya layi ɗaya, itace zai cije zarton, ba gaba ba baya. Bana kafaɗarsa ta gaza, ya ce zai ajiye aiki, shi ya sa na ga bai kamata a yi shiru ba.

Da can, in an ce zarto a ƙasarmu, ɗan ƙarfen nan mai haƙora ake nufi, wanda ake raba duma da shi. Itace kuwa sai gatari da gizago. A Dutsin-Ma Sodangi ya fara ganin babban zarto mai mariƙi biyu, a hannun wani kafinta mutumin Kudu, Cornelius, da ya zo yin bencinan makaranta. Ya zauna wurinsa ya koya, ya komo gida da zarton. Tun daga nan ƙyauren katako ya fara shiga gidajen talakawa, masallatai suka sami makara mai ƙwari. Amma wannan zarto ba ya aiki da mutum ɗaya. Abokin jansa shi ne Jibo, mutumin Wurma.

A daminar 1961 iska ta jijjige wani tsohon maɗaci a bakin gonar Jibo, babban reshe ya danne masa ƙafa. Kafin labari ya kai Kurfi, mutanen Wurma sun taru da gatura. Waɗanda suka gani sun ce duk sara ɗaya sai reshen ya girgiza ya ƙara zama a kan ƙashin, Jibo yana salati har muryarsa ta dishe.

Sodangi ya iso bayan azahar da zarto a kafaɗa.

"Ku ajiye gaturan nan," in ji shi. "Duka ne ke kashe shi. A samo gwafanni a tokare reshen."

Aka tokare. Saura mai riƙe ɗaya gefen, ga mai gefen kwance a ƙasa. Wani ƙato ya kama, garin sauri ya riƙa turawa, zarton ya lanƙwashe ya maƙale. Na biyu ma haka. Jibo ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Malam, a kira Hasana."

Hasana matarsa ce, tana gefe cikin mata tana kuka. Dattawa suka dubi juna, ba wanda ya hana.

"Uwargida," in ji Sodangi, "ba a tura shi. In na ja ki saki, in kin ja in saki. Kamar lugude ne a turmi."

Ta ɗaure zani, ta share ido, ta kama. Ba ta dubi mijinta ba ko sau ɗaya, garin itace yana zuba a kan rigarsa. Tafin hannunta ya sale, ba ta daina ba. Da la'asar reshen ya rabu ya zauna a kan gwafannin ba tare da ya motsa ba, aka zaro Jibo da rai.

Ƙafar ba ta komo daidai ba. Mutane suka ce wa Sodangi ya nemi wani abokin aiki, ya nema ɗin, don zarto ba ya jira. Amma ya ɗauko Jibo da iyalinsa ya kawo su Kurfi, ya kafa masa kujera a rumfa, ya koya masa haɗa ƙyaure da tebur a zaune. Har yau can yake, da sana'arsa yake ci da gidansa.

Malam Sodangi, kai ne ka iso wurin da kowa ke gaggawa ka sa aka natsu. Kai ne ba ka yar da abokinka ba ranar da ƙafarsa ta yar da shi. Yaran da suka yi karatu a kan bencinka ba su san sunanka ba, waɗanda aka ɗauka a makararka kuwa ba su da bakin godiya. Mu da muke da rai mun gode. Allah Ya ba kafaɗar nan sauƙi, Ya sa ƙarshe ya yi kyau.

Samarin Barkiya da Ɗantutture, ku je ku zauna wurinsa tun idonsa na gani, ku koyi wasa haƙori, ku koyi riƙon aboki.

Da na gaya masa zan yi wannan rubutu, sai ya ajiye magagarinsa. Ya ce, "To, Malam, in ka tashi, kada ka bar sunan Hasana."

Ga shi nan, ban bari ba.