Ranar da Kaka Saratu Ta Ajiye Mamata a Bakin Teku

Tun da aka ɗauke ni aiki a kamfanin buhu na Sharada, abu ɗaya ya tsaya mini a rai: wa zan bar wa Ladi? Ko rarrafe ba ta gama iyawa ba, kuma ba a shiga wajen inji da goyo. Maƙwabciyarmu Inna Hajara, wata dattijuwa 'yar asalin Challawa, ta ce in riƙa kawo mata ita. Na yi godiya, na koma ɗaki ina tuno abin da ke tsakar gidanta: rijiya mai murfin kwano, murhu, awaki, ga kwatar ruwan jima a bayan katanga. Ba dangi muke ba, ban kuma daɗe da saninta ba. Ina cikin wannan saƙe-saƙen Kaka Saratu ta faɗo mini a rai.

Kaka, uwar mamata, abinci take sayar wa ma'aikata a bakin get ɗin wani kamfanin jima. Da yamma takan hura wuta ta ɗora waken gobe, mu jikoki mu zagaye murhun muna tsintar shinkafa, hayaƙi na cika mana ido, iska na kawo warin jima. Yawancin tatsuniyoyinta sun ɓace mini, amma akwai guda da sai ta gyara ɗankwali kafin ta fara. "Wannan ba ta 'ga ta nan' ba ce," takan ce. "Da ƙafata na je."

Kakanmu direban babbar mota ne, fatu yake kaiwa tashar jirgin ruwa. Da wata tafiya ta kama zuwa Lome ta ƙasar Togo, Kaka ta kafe sai ta ga teku. Ta goya mamata, lokacin tana jaririya, ta haye gaban mota.

Lahadi ta riske su a can. Shi ya tafi wajen kaya, ita ta bi ƙararrawa har wata babbar cocin Katolika kusa da ruwa. "Ko kalma ɗaya ban ji ba, amma gwiwata ta san lokacin durƙusawa." Ruwa mai tsarki a bakin ƙofa, turare, Fada, limamin cocin, a gaban bagade, duk irin na gida Zonkwa. Da lokacin karɓar Jibin Ubangiji ya yi, sai ta ga mata na miƙa wa na kusa da su jarirai, su je gaba, su dawo su karɓa. Wata ƙatuwar mata mai ƙarnin kifi, wadda suka yi gaisuwar salama da ita yanzun nan, ta miƙo mata hannu biyu.

"Na ce a raina, salama daban, ɗiya daban. Na ƙara ɗaure majanyi."

Da aka tashi ta bi jama'a zuwa bakin teku. Ruwa ba tsallake, bishiyoyin kwakwa, kwale-kwale masu fenti, maza na jan taru suna waƙa, can nesa ga jirage kamar benaye. An ce mata ruwan gishiri ne, ita kuwa sai ta ɗanɗana. To a rafin garinsu, in mace za ta shiga ruwa, zani take shimfiɗawa a kan yashi ta kwantar da goyo, don ruwan rafi ya san wurinsa. Haka ta yi. Ta sami yashi mai sanyi a inuwar wani kwale-kwale, ta kwantar da mamata, ta tattare zani ta shiga.

"Ina kai ruwan baki sai na ji ihu a bayana. Ashe ruwan nan marar tarbiyya ya wuce ni ya haye tudu."

Ta waiwaya, ga shimfiɗar tana yawo cikin kumfa. Jaririyar kuwa tana sama, a hannun matar nan mai ƙarnin kifi, wadda ta jiƙe har ƙugu. Tun a coci matar ta gane Kaka baƙuwa ce, ba ta ɗauke ido daga kanta ba. Ta zazzaga wa Kaka faɗa da yarensu, ta hana ta yarinyar, ta goya ta da kanta, ta ja Kaka har rumfarta ta ba ta kifi da barkono.

"Kaka, me ta ce miki?"

"Oho. Amma dai ba albarka take sa mini ba."

In mama na kusa sai ta ce, "Ku yi dariya, saura kaɗan da kifi ya zama uwarku." Kaka kuwa har ta rasu teku take zagi.

Muna yara, abin da muka ɗauka kawai shi ne teku mugu ne. Sai da na yi goyo na gane Kaka ba sakaci ta yi ba. Tsoronta ne duk ta tara a kan mutum mai hannu da ido, ta yarda da yashi don ya yi kama da na gida. Ni ma dabarar da ta fara zo mini ita ce in bar Ladi tana barci in ja ƙofa, tunda babanta na dawowa daga aikin dare da hantsi. Ɗakina ne, na san shi. Amma ɗaki ba ya jin kuka.

Ranar Litinin na yi sallama gidan Inna Hajara.

"Kawo mini ƙawata," ta ce.

"Inna, rijiyar nan dai, da murhu, kuma in ta tashi..."

"Ke 'yar nan, rijiyar nan ta girme ki, ba ta taɓa cin kowa ba. Maza, za a rufe miki get."

Ladi ta callara kuka. Inna ta saɓa ta a baya ta ɗaure, ta ci gaba da tankaɗe. Har bakin titi ina jiyo muryarta, na hau keke ban koma ba. Gabana ya yi ta faɗuwa har Sharada, kuma har yau yana faɗuwa kowace safiya. Amma a hannu nake barinta, ba a ƙasa ba.