Ƙararrawa a Tsakiyar Sunan Sa'adatu

Jama'ar wannan zaure, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Ku fara sanin wannan. Ni na rubuta ɗan shirin kwamfutar da ke buga satifiket a makarantar ungozoma da nake aiki. Alhamzar da ke cikin sunayenmu, irin su Asma'u da Rabi'atu, tana rikita shirin, don haka na ce masu shigar da suna su riƙa sa karkatacciyar sandar nan \ a madadinta, daga baya shirin ya mayar. Shekara shida ko tari bai taɓa yi ba. Jibi za mu buga na bana a sabuwar kwamfuta, kuma ƙanwata Sa'adatu na cikin masu fita. Shugabar sashenmu, Anti Hadiza, ta ce in bar echo, umarnin da shirin ke fitar da sunaye da shi, in koma wani umarnin mai suna printf, wai ƙa'idar da injuna ke bi ba ta yanke abin da echo zai yi da sandar ba, kowace na'ura da ra'ayinta. Na yi dariya na ce na san aikina. Har yanzu ma na san shi.

To, sai na gan ni a wata kotu mara rufi, rana tsaka. Magatakarda biyu zaune, kamarsu ɗaya har hula. Na miƙa wa na dama takarda, ya kwafe Sa\adatu yadda yake, sanda da komai. Na miƙa wa na hagu, yana isowa kan sandar sai ya haɗiye ta tare da harafin a, ya buga ƙararrawa sau ɗaya, ya rubuta Sadatu.

Na ce masa ya cinye harafi. Bai ko ɗago ba. Na juya ga alƙali, sai kawai na ga babu mutum a kujerar, wani ƙaton littafi ne sanye da rawani. Ya buɗe kansa, wata murya ta ce, "Dukansu biyu sun yi daidai."

Wallahi raina ya ɓaci. Sai kawai kotun ta zama layin ɗaukar ma'aikata a asibiti. Ga Sa'adatu da farin kaya, ana kiran Sadatu, Sadatu, ba wanda ya amsa. Ta waigo ta ce, "Yaya, ni ce ko ba ni ba ce?" Na buɗe baki, ƙararrawa ce ta fito.

Na farka ana kiran assalatu, gumi sharkaf.

Ni dai ba na tsoron inji, kuma ban saba janye magana ba. Amma wanda aka ɓata wa suna a satifiket ya san yawon kotu da rantsuwa. Masu sani, ku fassara mini: tuwon da na ci ne ya yi nauyi, ko in tafi ofis yanzu in gwada sunan ƙanwata a sabuwar kwamfutar kafin Anti Hadiza ta iso?