Kashin Kajin Kuru da Sunan Sale

Ranar Talata, ƙarfe biyar da kwata na asuba, na idar da salla, na ɗaura zane biyu, na ja ƙofa. Ban sallami kowa ba sai maƙwabciyata Malama Hadiza, wadda ita ce yanzu ke riƙe da biro, don ni ban taɓa zaman aji ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

Ku matan lambu kun san abin da ya tashe ni, amma bari in faɗa saboda waɗanda ba su sani ba. Mu goma sha ɗaya ne muke noman rani a bakin rafin ƙauyenmu, nan bayan Bauchi. Bana muka ji ana yabon kashin kajin Jos, muka sa Sale, ɗan yayana, mai motar ɗaukar kaya, ya kawo mana buhu arba'in daga gonar wata Inyamura a Kuru. Muka zuba a fangali, muka dasa kabeji da tumatir. Kwana huɗu dashen ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ƙasa ta yi fari-fari a sama, wari kuwa har yana sa hawaye. Ni ce na tsaya a gaban jama'a na ce Sale ya cuɗa takin da ƙasar kanwa don buhu ya yi yawa. Tun daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi kaya a garin, ko buhun masara ɗaya. Mako uku motarsa na tsaye a ƙofar gida. Shi bai ce uffan ba, kuma shirun nan ne ya hana ni sukuni. Na ce sai na je inda aka ɗebo takin na gani da idona. Ban gaya masa ba, don kada ya riga ni da waya.

Bauchi zuwa Jos

Ɗan acaɓa ya sauke ni a tasha shida saura kwata. Direba ya ce dubu shida, na ce biyar, ya ce mai ya yi tsada, na ce ni ma tsufana ya yi tsada. Ya karɓa. Muka tashi shida da minti ashirin, mu bakwai. Na tambaye shi nisan hanya, ya ce kilomita ɗari da talatin ne, ko ƙasa kaɗan.

A jakata akwai ƙullin takin nan, na naɗe shi a leda uku, amma kafin mu kai Nabordo duk motar ta sani. Wani ɗan kasuwa da ke gefena ya dinga sauke gilashi yana kallon mutane ɗaya-ɗaya. Na ƙara tura jakar ƙarƙashin ƙafata. A shingen sojoji na bayan Magama wani ya leƙo.

“Mama, me ke cikin jaka?”

“Kashi ne.”

“Ƙashi? Na nama?”

“Na kaji, ɗana. In buɗe maka?”

Ya ja da baya yana dariya. “A'a, Mama, riƙe abinki. Direba, wuce!”

Ɗan kasuwar nan ya ce, “Haba Hajiya, ashe ke ce! Ni kuwa ina ta zargin bawan Allah na baya.” Na so in yi dariya, sai na tuna Sale.

Daga Tilden Fulani hanya ta fara hawa, kunnena ya toshe, sanyi ya shigo ta ƙasan ƙofa. Duwatsu ga su nan an jera wani kan wani kamar da hannu. Abin da na fi kallo shi ne gonaki. Duk inda ruwa ya ɗan kwanta, ko faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, sai ka ga an shuka wani abu. Mun shiga Jos tara saura minti goma.

Tina Junction zuwa Bukuru

Mai keke ya kai ni Tina Junction a kan ɗari uku. Nan muka yi zan haɗu da Ladi, 'yar ƙanwata, mai aure a Bukuru. Na zauna a bencin wata mai kayan miya ina jira. Kabeji kowane kai ya kai tulun yara, karas an wanke shi tas, ga koren wake, ga dankalin turawa kwando-kwando. Na ɗaga kabeji ɗaya na matsa, na ji shi ƙam kamar dutse. Matar ta ce, “Mama, saya ko ajiye, ba ƙwallo ba ne.” Na ajiye. Gaskiyarta.

Ladi ta iso goma da rabi. Sana'arta sarin ƙwai, tana raba wa masu shayi. Tun ina faɗin “wata Inyamura mai kaji a Kuru” ta ce, “Madam Ngozi ke nan, Inna. Ai kwastomarta ce ni. Me ta yi miki?” Na ce ban sani ba tukuna.

Bas biyu muka hau kafin Bukuru, muka isa daf da azahar. Ta yi mini gwaten acca da ganye, mai zafi, na sha kwano biyu. Da magariba ta shimfiɗa mini bargo biyu. Ruwan alwalar garin nan kuwa, Allah ya ba su lada.

Laraba, Kuru

Bakwai da rabi muka hau ƙaramar bas, tafiyar minti ashirin da biyar. Daga bakin titi muka taka kamar daga gidana zuwa rafi sau biyu. Gonar tana gefen wani tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, an kewaye ta da shingen ƙerana. Ta tsakiya an bar wata hanya mai faɗi da ta gangara har bakin ruwa, duk sawun shanu.

Madam Ngozi gajeriya ce, ta kusa hamsin, da takalmin roba har gwiwa. A garin aka haife ta, Hausarta tana gudu, sai dai mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Kafin mu gaisa ta nuna wani kwano a ƙasa mai ruwan magani.

“Mama, sa ƙafanka nan tukuna.”

“Ni ba kaza ba ce.”

“Ko gwamna ya zo zai sa. Ciwo yana bin takalmi.”

Na sa. Daga nan na fara ganin girmanta, don na tsani wurin da doka take da ƙofar baya.

Ban ɓata lokaci ba, na kwance ƙullin na miƙa mata. Na ce, “Duba wannan. Naki ne, ko an ƙara masa wani abu a hanya?” Ta murza shi a yatsu, ta sansana, ta tsince ɓarzajen katako da ke ciki ta nuna mini.

“Nawa ne. Ba a ƙara komai ba. Amma ɗanye ne, Mama. Kar ka ce mini ka zuba shi haka a kan dashe.”

Na ce haka muka zuba. Ta ɗora hannu biyu a ka. “Wayyo kabeji!”

Na ce, “To farin da ya fito a ƙasa fa? Ba kanwa ba ce?”

“Kanwa ya fi kashi tsada, wa zai yi wannan wauta? Ba ka taɓa ganin kaza ya yi kashi da fari a kai ba? Shi ne. Zo.”

Ta kai ni bayan ɗakunan kaji. Tsibi huɗu ne a jere ƙarƙashin inuwa, kowane ya kai ƙirjina, an lulluɓe su da busasshiyar ciyawa. A jikin na farko an soke rodi. Ta zare shi ta ce in taɓa. Na taɓa, na janye hannu ba shiri. Zafi kamar an ciro shi daga murhu, alhali garin sanyi ake.

“Wannan wuta,” in ji ta, “shi ne ka sa a gindin kabeji.”

Ta nuna mini yadda suke jera shi: karan masara a ƙasa, kashin kaji a kai, sai kashin shanu, sai ciyawa, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula ba zai ɗiga ba. Duk mako biyu a juya da shebur, na waje ya koma ciki. Ba a zuba toka, wai tana korar ƙarfinsa. Tsibi na biyu da ɗumi kaɗan. Na uku ya huce. Na huɗu, mai wata uku, na tura hannuna har gwiwar hannu. Baƙi ne wuluk, sanyi ƙalau, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, ga tana tana yawo a ciki. Na daɗe da shi a tafin hannu.

Shekara arba'in ina zuba taki. Kashin awaki da na shanun gidanmu a juji muke tara shi tun kaka, ba a kwashe shi sai bazara. Ni a zatona rashin lokaci ne ke sa ya daɗe a can. Ashe zaman nan da yake yi shi ne aikin. Ina yin abu daidai duk rayuwata ban san dalilinsa ba, ranar da aka kawo mini taki a buhu sai na tsallake shi.

Muna tsaye sai ga wani dattijon Bafulatani, Malam Buba, ya turo baro cike da kashin shanu. Rugarsa na bayan shingen. Shanunsa suna kwana a ɓangaren lambun Madam Ngozi da aka girbe, bayan 'yan kwanaki a matsar da su gaba. Shi yana kwashe ganyen kabeji na waje da ciyawar da aka cire, ita tana samun taki. Hanyar tsakiyar nan ta shanunsa ce, kuma mashayarsu daban da inda injin ban-ruwa yake, don kada su dagula. Na zagaya na duba da kaina. Ko ganye ɗaya ban ga an yar ba, ko mataccen tsako ban gani a juji ba.

Na ce, “Malam Buba, ba kwa faɗa?”

“Muna yi mana, Inna. Bara wata karsana ta fasa shinge ta share mata layi guda. Ta biyo ni da shebur.”

“Ƙarya ne, Mama! Tsintsiya ne.”

“Shebur ne. Na ga ƙarfe.”

“To wa ya gyara shingen?” na tambaya.

Suka nuna juna a tare.

Da muka zauna ta sa aka dafa mana ƙwai, shi kuma ya aiko da kindirmo. Sai na tambayi abin da ya rage. Na ce, “Wanda ya zo saye, kin gaya masa ɗanye ne?”

“Oga Sale? Sau uku. Nunanne ba na sayarwa, gona na ke ci. Na ce ka gaya musu su tara shi wata uku. Ya yi dariya, ya ce Gwaggona ba a gaya mata magana, amma zan gwada.”

Na ajiye ƙwan. Na tuna ranar da yake sauke buhunan. Ya ce, “Gwaggo, matar ta ce a bar shi ya...” Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, “Tun ba a haife ka ba nake zuba taki. Sauke ka tafi.” Ya sauke ya tafi.

Ladi ta ce, “Inna, lafiya?” Na ce ta tashi mu je, gobe da sassafe zan koma. Madam Ngozi ta cika mini leda da baƙin takin nan ta ce in nuna wa mata. Na ce in ta zo Bauchi tana da ɗaki.

Alhamis, komawa gida

Motar ta tashi bakwai daidai. Shinge huɗu muka wuce, ba wanda ya tambayi jakata, don wannan karon ba ta wari. A Magama na sayi ƙosai na ɗari biyu ban iya ci ba. Na sauka Bauchi goma saura, na isa ƙauye sha ɗaya da rabi.

Ban shiga gidana ba. Na bi ku gida-gida na ce bayan la'asar a haɗu a bakin rafi, a gindin mangwaron da na yi waccan magana, kuma kowa ta zo da mijinta in yana nan. Gidan Sale ni na je da ƙafata. Matarsa ta amsa sallama ba ta dube ni ba, ban kuma ga laifinta ba.

Kun ji abin da na faɗa, amma ina so ya zauna a takarda. Sale bai cuɗa komai ba. An ba shi saƙo, ya kawo saƙon, ni na rufe masa baki. Kabejinku ni na ƙona shi, sunansa ni na ɓata. Duk wanda ya ji maganata ta farko ya kai ta wani gida, ya ɗauki wannan ma ya kai ta gidan.

Sale yana tsugune, kansa a ƙasa. Na ce, “Ka yafe mini.”

Ya ce, “Haba Gwaggo, ya wuce.”

“Bai wuce ba sai ka ƙarasa. Matar ta ce a bar shi ya me?”

Ya ɗago, ya dubi jama'a, ya dube ni. “Ya huce, Gwaggo. Wata uku.”

Na ce, “Na ji.”

Washegari da hantsi na ga motarsa ta fita da buhunan gyaɗar mai unguwa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Ladi da barguna biyunta, da Madam Ngozi da Malam Buba da suka buɗe mini gonarsu ba su ɓoye komai ba, da Malama Hadiza da ta rubuta har wuraren da ba su yi mini daɗi ba. Sauran buhu goma sha biyu suna nan, ranar Asabar za mu tara su. Kowa ta zo da karan masara da shebur. Sale ne zai nuna yadda za a jera, ni zan riƙe bokitin ruwa.